Ranar da Aka Binne Mai Tari

Daren Talata ne, ina kwance barci ya ƙi zuwa, sai na ji sandar wutar da ke dandalin ƙauyenmu ta yi tari.

Ba mafarki nake ba. Tari ne na mutum, gajere, sau biyu, irin na wanda zai fara jawabi. Daga tsohuwar lasifikar nan ya fito, wadda ke ɗaure a saman sandar, ƙarƙashin sheƙar shamuwa, wadda rabonta da magana an fi shekara talatin. Karen abokina Nedelko ya amsa mata, sauran karnuka suka ɗauka. Ni kuwa na ja bargo har wuya, domin na san mai tarin. Duk wanda ya haura hamsin a ƙasar nan ya san shi. Na ce a raina, mutumin nan ya mutu, ga shi yana bin ƙauyuka yana sallama.

Da gari ya waye rediyo ta faɗa. Tsohon shugaban ƙasa, na farko bayan rushewar mulkin Jam'iyya, ya rasu a asibiti yana da shekara casa'in da uku. Mu Mai Tari muke ce masa, saboda bai taɓa buɗe baki a gaban jama'a ba sai ya yi tarin nan sau biyu tukuna. Daga baya na ji yadda abin ya faru. Pavlin, magajin garinmu, aka bugo wa waya da labarin, ya taso mai gyaran wuta daga barci ya haɗa wa lasifikar sabuwar waya, suka gwada ta da wani tsohon kaset. Ban ji daɗin wannan bayani ba. Na fi son nawa.

Sunana Gencho. Aji huɗu na yi a makaranta, aka cire ni saboda malama ta ce ba na kallon allo, gizo-gizon da ke saƙa a taga nake kallo. Shekara ashirin da shida na yi ina ɗaukar buhu a kamfanin siminti na kwarinmu. Amma aikin da aka san ni da shi shi ne buga ƙararrawar coci, wanda na gada daga mahaifina. Tsohuwa muke kiranta. Tana da tsaga a leɓe tun lokacin da aka ɓoye ta a rijiya don kada Jam'iyya ta narkar da ita, shi ya sa muryarta ke rawa a ƙarshe kamar ta mai mura. In za a yi ruwa takan yi gumi. Mutane na dariya in na faɗa, amma ba wanda ke shanya barkono bai tambaye ni ba.

In namiji ya mutu a garin nan, zagaye uku nake bugawa, da ɗan shiru a tsakani, mace, biyu. Sai in bar sautin ya lafa, sannan in fara shekarun mamacin, bugu ɗaya shekara ɗaya, a hankali. Duk inda mutum yake, a garkar inabi ko a bakin murhu, sai ya tsaya, maza su cire hula, kowa na ƙirgawa a ransa. Da haka ake gane wanda ya tafi tun kafin a aiko. In Tsohuwa ta yi shiru bayan bugun ƙarshe, sai kowane baki ya ce, Allah ya ji ƙansa. Kakata ta ce wannan addu'a ta taron gari ita ke nuna wa mamaci ƙofa. Wanda ba a yi wa ba yana nan yana zagaya gidajenmu, kamar baƙon da ba a gaya wa an tashi daga biki ba. Kuma ba a yinta a ɓoye, ba a yinta da mutum biyu ko uku. Sai gari ya tsaya.

A duk tsawon aikina mutum ɗaya ne ban buga wa ba. Rumen, ɗan maƙwabciyata Donka.

Ranar da rediyo ta faɗi rasuwar, hantsi bai gama ɗagawa ba Pavlin ya turo ƙofar shingena da tumbinsa.

"Kawu Gencho! Kana nan, ko ka tafi hira da mujiyoyin hasumiya?"

"Mujiya ta fi wasu hankali. Shigo, kada ka taka mini tattasai."

Ya ƙi zama. Ya zaro takarda ya karanta mini da muryar rediyo. Ranar Juma'a za a binne shugaba. Da tsakar rana daidai, kowace ƙararrawa a ƙasar nan za ta buga. Za a tara mutanen gari a dandali, kuma wata jami'a za ta zo daga gunduma ta gani da idonta.

"Yadda muka saba za ka yi masa," in ji shi. "Zagaye uku, sannan casa'in da uku. Baƙuwar nan ba ta taɓa ganin irin namu ba, har hoto za ta ɗauka. Hannunka zai iya?"

"A nan aka haife shi?"

"Wa?"

"Mamacin. Ya taɓa shan ruwan rijiyarmu? Tsohuwa ta 'yan gari ce."

"Haba Kawu, uban ƙasa ne fa."

"Ubana yana bayan coci, kusa da naka. Ban san ina da wani ba."

Pavlin ya naɗe takardar. Yana da irin murmushin mahaifinsa Todor, wanda ya yi sakataren Jam'iyya a nan, murmushin da ke tsayawa a haƙora. Ya zaro waya daga aljihu ya latsa, sai ga ƙarar ƙararrawa tana fita daga tafin hannunsa, siririya, kamar an daki kwano da cokali.

"Ka ji? Ƙauyuka uku a kwarin nan da wannan suke yi yanzu. A jona da lasifika, shi ke nan. Ba gumi, ba ciwon baya, ba tsoho mai gardama. In ba za ka hau ba, ka kawo mabuɗin hasumiya ofis kafin Juma'a, ka huta. Ni ma in huta."

Ya fita, ya taka tattasan.

Na daɗe a zaune ina kallon itacen tuffata. Babban reshensa ya ratsa kan shinge zuwa gidan Donka, kuma abin da na tokare shi da shi don kada ya karye wata ƙotar diga ce. Ƙotar nan ba a garin nan na same ta ba.

Bazarar farko ce bayan sauyi, shekara talatin da huɗu ke nan. Lasifikar dandali ta yi tari sau biyu, Mai Tari ya ce wasu 'yan iska sun mamaye babban dandalin birni, suna so su sayar da masana'antunmu ga baƙi, su dawo mana da masu gonaki na da. Ya ce ma'aikata masu tafin hannu mai kanta su zo su kare abin da yake nasu. Kafin azahar Todor ya jera motocin safa uku a ƙofar kamfanin siminti. Kowa aka ba shi ƙota, da rabin burodi, da tsiran alade, da kwalbar giya. A hanya aka gaya mana yadda za mu gane su: masu gemu da masu tabarau.

Ni ban taɓa zuwa birni ba sai ranar. Da muka sauka na ga wata matattakala mai tafiya da kanta tana shiga ƙarƙashin ƙasa. Sau huɗu na hau ta, da ƙotata a hannu, ina neman inda matakan ke tafiya in sun ɓace. A nan Todor ya same ni, ya ja ni da kwalar riga, ya tsayar da ni a bakin wani lungu tare da Nedelko da wasu biyar. Ya ce kada kowa ya wuce.

Ban daki kowa ba. Shekara talatin da huɗu ina gaya wa kaina haka, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda ya gudo lungun nan, da ya gan mu sai ya juya ya koma inda ake duka. Akwai wani dogon saurayi da ya iso dab da mu, jini ya rufe masa fuska, ya tsaya ya buɗe baki kamar zai yi magana. Na kawar da kai. Na tsura wa wata tantabara mai ƙafa ɗaya ido a kan taga, ban sauke ba sai da na ji takunsa ya yi nisa. Abin da na fi tunawa a ranar shi ne tabarau a ƙasa, da yawa, suna ƙyalli kamar ƙananan kifaye a kan yashi. Da yamma Mai Tari ya fito, ya yi tarinsa, ya gode mana. Muka yi tafi. Ni ma na yi, na saƙale ƙotar a hammata don in ji daɗin tafin.

Bayan kwana huɗu aka kawo Rumen a akwati da aka buga wa ƙusa. Dogon yaro ne, ɗalibi a birni, yana karatun gina gadoji, kuma tun yana ɗan shekara tara yake sa tabarau. Takardar da ta biyo akwatin ta ce daga bene ya faɗo. Na riga na kama igiya sai ga Todor a ƙofar hasumiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba yau ba, Gencho. Gari a ɗame yake." Na naɗe igiyar na rataye. Aka binne yaron da asuba, mutum shida a kan kabari.

Tun daga ranar Donka ba ta sake ce mini ko sannu ba. Shinge ɗaya ne tsakaninmu. Duk tuffar da ta faɗa ɓangarenta, sai ta tsince ta jefo mini, ɗaya bayan ɗaya, ko ruɓaɓɓiya ce. Matata Velika ta rasu, Donka ta zo ta wanke ta, ta yi mata sutura, ta wuce ni a bakin ƙofa kamar ta wuce tulu.

Kada a ce ban nema ba. Fada uku na roƙa. Na farko ya ce a bari ƙura ta lafa. Na biyu ya ce sai an samo takarda daga bishop. Na yanzu, Fada Serafim, mai coci huɗu da mota ɗaya marar birki, ya ce an riga an binne, lokaci ya wuce, kuma wa zai tara gari saboda maganar da kowa ke so ya manta?

Ranar Laraba na tafi garkar Nedelko na taya shi tsinkar inabi. Tare muka yi aji huɗun, tare muka ɗauki siminti, tare muka tsaya a lungun nan. Na tarar ya ɗaura baƙin ƙyalle a hannun riga.

"Wa ya mutu maka, tsohon banza?" na ce.

"Wanda ya ba ka ƙasar da kake tsaye a kai, mahaukacin hasumiya. An ce kana yi wa Pavlin taurin kai."

"An ce."

Ya ajiye almakashi. "Gencho, ka ji tsoron Allah. Garkar nan ta kakana ce. Shekara arba'in tana hannun Jam'iyya, ina wucewa ina kallonta kamar matar wani. Wa ya sa hannu aka dawo da ita? Taka fa? Ka manta layin burodi tun ƙarfe huɗu na asuba? Ka manta lokacin da in ka yi wa akuyarka tsawa sai ka waiwaya ko wani ya rubuta? Maƙwabtanmu na tsallaken dutse shekara huɗu suna yanka juna, mu ko harsashi ɗaya bai faɗo a rufinmu ba. Wa ya riƙe ƙasar? Kai da Tsohuwarka?"

"Kamfanin siminti fa?"

"Wannan kuma daban."

"Daban da me? Aka ce mana yaran nan za su sayar da shi, muka je muka fasa musu kai. Shekara huɗu ba ta cika ba, wa ya sayar? Surukin Todor ya saye shi, ya yayyanka injinan ya auna a kilo. Yanzu jemagu ne ma'aikata a ciki."

"Shi dai bai saci ko cokali ba. A gida mai ɗaki uku ya ƙare rayuwarsa, kowa ya sani."

"Bai sata ba. Ya dai tsaya a bakin lungu kada kowa ya wuce."

Nedelko ya dube ni, ya sunkuya ya ci gaba da tsinka. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ya ba mu fasfo."

"Ya ba mu. Ina 'ya'yanka mata biyu? Suna can wata ƙasa suna wanke tsofaffin wasu, kai kana nan kana wanke wandonka da kanka. Jikanka ya zo bara, da hannu kuka yi hira kamar kurame."

"Kada ka sako 'ya'yana."

"Shari'ar da ake yi masa kan dukan yaran nan fa? Shekara talatin ana ɗagawa. Yau fayil ya ɓace. Gobe an same shi amma ruwa ya jiƙa shi. Jibi alƙali ya yi ritaya. Gata likita ya ce hawan jini. Mutumin da ke da lafiyar halartar bikin kowane jakada, amma matakala uku na kotu sun fi ƙarfinsa! Ya zauna ya jira iyayen yaran nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sannan shi ma ya miƙe ƙafa a gado mai laushi, da likita biyar a kansa. Ko kalma ɗaya bai ce ba, Nedelko. Ko ya yi tarin nan nasa ya ce, an yi kuskure."

"Kai ka ce?"

Na ci gaba da tsinkar inabi.

"Sau biyu ka jefa masa ƙuri'a bayan abin nan," in ji Nedelko. "Tare muka je, ka sa sabuwar hula. Yanzu da ya mutu ne ka zama jarumi? Ka hau ka buga masa, ka riƙe mabuɗinka. In aka karɓe Tsohuwa daga hannunka, wata biyu ba za ka yi ba sai mun bi ka da wayar Pavlin."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Garkata tana nan, inabinta ya fi na kowa zaƙi, kuma da hannun mutumin nan ta dawo. Na jefa masa ƙuri'a. Ina jin haushinsa, ina jin haushin Todor da ke kabari, da Pavlin, da fada uku, da alƙalan birni, amma in na bi haushin nan har ƙarshensa, a ƙofar gidana yake tsayawa.

Ranar Alhamis na aika wa Pavlin cewa zan hau. Na ce a raina, casa'in da uku ne kawai, in rufe ido in ja igiya. Mamaci ne, ko ba komai.

Juma'a ta zo da rana mai kyau, abin haushi. An jera kujerun roba a dandali. Lasifika tana ta kiɗan makoki, tana shaƙewa tana farfaɗowa. An kawo dafaffiyar alkama da zuma ta sadakar mamaci, amma ba wata mace a garin da ta dafa, daga kanti aka sayo a ƙananan kofunan roba, kowanne da tutar ƙasa a soke. Pavlin ya sa baƙar kwat da maɓallinta ke neman agaji. Kusa da shi ga jami'ar gunduma, yarinya ce ƙarama mai takalmi mai tsini, tana ta ɗaga waya. Duk garin ya fito, mu ɗari da wani abu da muka rage, yawanci masu sanda. Cikin mutanen motocin safa uku, mu tara ne a raye, kuma duk muna wurin. Donka ce kawai ba ta zo ba. Tana zaune a ƙofar gidanta, can ƙarshen layi, tana ɓarar wake a cinya.

A jikin bangon coci akwai allon da muke liƙa takardun mamata, kowa da hotonsa da ranar tafiyarsa. Kowace shekara Donka na sabunta ta Rumen, da hannunta, da ƙullun fulawa. Da na zo wucewa zan shiga hasumiya sai na ga an kawo hoton Mai Tari, ƙato, mai baƙin gefe, an manna shi a tsakiyar allon. Ya rufe mutum bakwai. A gefensa na ƙasa, inda takardar ba ta kai ba, kunne ɗaya ne ya leƙo, da rabin gilashin tabarau.

Na tsaya ina kallon rabin tabarau ɗin nan har Pavlin ya yi mini tsawa da ido yana nuna agogo.

Matakala arba'in da ɗaya ne zuwa sama. Na hau ina haki. Na shafa Tsohuwa, a bushe take. Ta taga ina ganin dandali gaba ɗaya, ina kuma ganin Donka da wakenta. Aka kashe kiɗa. Pavlin ya ɗaga hannu ya sauke. Maza suka cire hula.

Na buga zagaye uku na namiji. Na bar sautin ya lafa. Sannan na fara shekaru.

Wallahi da niyyar casa'in da uku na fara. Amma ban san mutumin nan yana ɗan shekara ɗaya ba, ban san shi yana ɗan biyar ba, ba ni da abin da zan tuna a kowane bugu. Sai hankalina ya tafi inda ya saba tafiya, wurin Rumen. Ɗaya, shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya, Velika ta karɓi haihuwar Donka a kan teburin girki. Shida, ya leƙo ta shinge ya tambaye ni ko da gaske ƙararrawa na gumi, kuma shi kaɗai ne a garin nan bai yi dariya ba da na ce e. Tara, tabarau. Sha huɗu, ya gina gada da karan masara a kan kwatar gidansu, kaza ta bi ta kai ba ta karye ba. Sha takwas, ya tafi birni da akwatin kwali ɗaure da igiya. Sha tara. Ashirin.

Ashirin da ɗaya.

Na saki igiyar. Na sa hannuwana biyu a hammata na matse, don kada su ci amanata.

Muryar Tsohuwa ta yi rawar nan tata, ta bi kwarin, ta ɓace. Na leƙa. Pavlin ya ɗago kai yana juya hannu kamar mai tuƙa tuwo, wai in ci gaba. Ban motsa ba. Shirun ya yi tsawo, ya wuce tsawon da ke tsakanin bugu da bugu, ya kai inda kowane ɗan garin nan ya san an gama. Bakin da ya saba ba ya jiran izini. Inna Milka, wadda ta haura casa'in kuma ba ta taɓa kuskuren ƙirga ba, ta yi alamar gicciye ta ce da ƙarfi irin na kurame, "Allah ya ji ƙansa." Matan da ke kusa da ita suka ɗauka. Ya bi layin kujeru har baya. Fada Serafim ya faɗa. Jami'ar gunduma ta ga kowa na faɗa, ita ma ta faɗa, tana ɗaukar hoto. Na ga leɓen Nedelko ya motsa, sannan na ga ya tsaya cak, ya juya a hankali ya kalli ƙarshen layi. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka juya. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa wane ne ɗan ashirin da ɗaya.

Na sauko. Pavlin na jirana a ƙofa, wuyansa ya kumbura.

"Saura saba'in da biyu, Kawu," ya ce ta cikin haƙora, yana murmushi saboda baƙuwa.

"Igiya tana nan. Matakala arba'in da ɗaya ne, ka riƙe bango a na sha bakwai, yana girgiɗi."

"Ka tozarta ni a gaban gunduma. Ka tozarta shugaban ƙasa a ranar jana'izarsa!"

"Yana da ƙararrawa dubu yau. Da igwa, da sojoji, da doki marar mahayi. Ɗaya ce tak ba ta buga masa ba, ita ma ba tasa ba ce, tun shekara talatin da huɗu take da mai ita. Ubanka ya ce mini ba yau ba. To, yau ce."

Na zaro mabuɗin daga wuyana na sa masa a aljihun kwat. Jami'ar ta matso tana tambaya ko akwai matsala, Pavlin ya ce babu, tsoho ne ya gaji. Ba wanda ya mayar da hularsa.

Sai ga Donka tana tahowa ta tsakiyar layi, ba sauri, ɓawon wake manne a zanen gabanta. Mutane suka dare. Ba ta kalli Pavlin ba, ba ta kalli kofunan alkama ba. Ta je gaban allon, ta sa farce a gefen hoton Mai Tari, ta ɓanɓaro shi a hankali daga ƙasa, ba ta yaga ba, ta naɗe shi zuwa sama har fuskar ɗanta ta fito duka. Ta goge ta da bayan hannu. Sannan ta juyo.

"Gencho."

Rabon da in ji sunana a bakinta gashina baƙi ne. Na ce, "Na'am, Donka."

"Na ƙirga."

Na sunkuyar da kai. Na zaci shi ke nan, za ta koma ga wakenta. Amma ba ta tafi ba. Ta bi mu da kallo, mu taran nan, ni da Nedelko da sauran, kowa da hularsa a hannu.

"Wancan ya tafi da nasa, ba zan ji daga bakinsa ba," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba. "Ku ne kuka rage. Ba kotu ba ce, ba mai rubutawa. Yaron nan a gabanku ya girma, ba ɗaya a cikinku da yaron bai ci tuffa ko inabin gidansa ba. In ya ga fuskar gida a wurin nan, na san ɗana, wurinta zai gudo. Ku gaya mini kawai, da ya gan ku, sunan wa ya kira?"

A saman sanda lasifika na ta ɗan ƙugi, an manta ba a kashe ta ba.